Kristen Nygaard, masanin da ya sa ma'aikata cikin zancen kwamfuta

A ofisoshi da yawa a yau, in ka leƙa teburin ma'aikaci za ka tarar da kwamfuta a gabansa, a gefenta kuma ga tsohon littafin rajista ana ta rubutu a ciki kamar jiya. In ka tambaya, sai a ce maka na'urar ba ta karɓar wasu abubuwa, ko kuma abin da abokin aiki na gaba yake bukatar sani ba shi da gurbi a cikinta. Manhajar da aka sayo ta san alƙaluman da shugaba yake son gani a ƙarshen wata, amma ba ta san yadda mutum huɗu ko biyar suke miƙa wa juna aiki daga safe zuwa azahar ba. Wannan matsala ta girmi yawancin masu fama da ita. Fiye da shekara hamsin da suka wuce wani masanin lissafi ɗan ƙasar Norwe, Kristen Nygaard, ya ci karo da ita, kuma abin da ya sa labarinsa ya cancanci a ba da shi shi ne cewa da hannunsa ya ƙera ɗaya daga cikin kayan da suka haifar da ita.

An haife shi a Oslo ranar 27 ga watan Agusta na shekarar 1926. Yana da shekara 13 sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsa a watan Afrilun 1940, suka zauna har 1945, don haka samartakarsa a ƙarƙashin mamaya ya yi ta. A 1948 aikin soja na dole ya kai shi cibiyar binciken tsaro ta Norwe da ke Kjeller, kusa da Oslo, inda ya yi aiki ƙarƙashin masanin lissafi Jan Garwick. A lokacin ƙasar tana haɗa tukunyar nukiliyarta ta farko tare da Holan, wadda ta fara aiki a 1951, kuma ana bukatar lissafin kaurin sandunan uraniyom da za a sa a ciki. Hanyar da suka bi ita ce wadda ake kira Monte Carlo: maimakon a warware lissafi guda mai wuyar gaske, sai a bi tafiyar ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, ana jefa ƙuri'a a kan abin da zai sami kowace, a maimaita sau da yawa har amsa ta fito daga jimilla. Da hannu suka yi wannan aiki. Wanda ya san wahalar lissafin adashe na mutum talatin a takarda zai iya kwatanta abin da ake nufi.

Daga 1952 ya koma fannin nazarin yadda ake gudanar da ayyuka, wato a dubi sojoji da motoci da kaya da lokaci a ga ta inda tsari ke cijewa. Ya sami babban digirinsa na lissafi a jami'ar Oslo a 1956, a kan wannan hanya ta Monte Carlo. A 1960, bayan saɓani da shugabannin cibiyar, ya bar ta ya koma cibiyar lissafi da kwamfuta ta Norwe, inda ya zama daraktan bincike a 1962.

A can ne ya ga cewa matsalolin farar hula da na soja kamanninsu ɗaya. Ɗauki tashar jiragen ruwa, abin da Norwe take da shi birjik. Jirage na shigowa ba a kan lokaci guda ba, injinan ɗaga kaya ƙidayayyu ne, ƴan dako suna da lokacin hutu, manyan motoci na jira a waje. In mai tashar yana son sanin ko ƙarin inji ɗaya zai rage jira, ba zai saya ya gwada ba. Gara a kwaikwayi tashar a cikin kwamfuta, a bar ta ta yi wata shida na ƙarya cikin ƴan mintoci. Sai dai harsunan kwamfuta na lokacin don lissafi aka yi su, ba su da hanyar cewa ga jirgi, ga inji, ga mutum, kowa yana harkarsa a lokaci guda kuma yana jiran wani. Nygaard yana son harshe da zai yi aiki biyu: mutane su iya bayyana wa junansu tsarin aiki da shi, kwamfuta kuma ta iya karanta wannan bayani ta gudanar da shi.

Shi kaɗai ba zai iya ba, ya kuma san haka. Ya jawo Ole-Johan Dahl, wanda ya sani tun Kjeller, gwanin rubuta manhaja, mutum mai shiru-shiru da ke kaɗa piyano. Nygaard kuwa dogo ne mai murya, mai son gardama. Su da kansu sun ba da labarin wani sabon ma'aikaci da ya rugo wurin matar da ke kula da wayar cibiyar a 1967, a firgice, ya ce ga mutum biyu can suna faɗa a gaban allo. Ta fito ta kasa kunne, ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, Dahl da Nygaard ne suke tattauna aikinsu.

Sunan harshen Simula. Kuɗin yin sa ma da wayo aka samo: a 1962 Nygaard ya je Amurka ya shawo kan kamfanin Univac, aka sayar wa cibiyar babbar kwamfuta samfurin 1107 da rangwame, su kuma za su rubuta Simula a kanta. Na'urar ta iso a 1963, kashin farko na harshen ya fara aiki wajen farkon 1965. Sai kuma Simula 67, wanda ya fi shi nisa. Tunanin da ya buɗe musu ƙofa ya zo ne suna nazarin layin motoci a wurin biyan kuɗin haye gada. Babbar mota da bas da ƙaramar mota duk suna cikin layi ɗaya, akwai halin da suka yi tarayya a kai, akwai wanda kowace ta keɓanta da shi. Sai suka ce a bayyana halin tarayyar sau ɗaya a matsayin jinsi, kowane reshe ya gaje shi ya ƙara nasa, sannan kowace mota ta zama abu mai zaman kansa, da bayanansa da ɗabi'unsa. Wannan salo na gina manhaja da abubuwa masu gadon hali shi ne ya mamaye duniya daga baya. Alan Kay ya ɗauke shi ya gina Smalltalk a Amurka, Bjarne Stroustrup ɗan Danmak ya shigar da shi cikin C++, Java ta biyo baya. Ɗimbin manhajojin da ke cikin wayar Android da ke aljihunka jikokin wannan tunani ne.

Da a nan ya tsaya, da sunansa ya riga ya shiga littafi. Amma Simula ya fita kasuwa, kamfanoni suka fara amfani da shi wajen sake tsara masana'antu, Nygaard kuma ya bi sawu ya ga abin da ke biyo baya. Sau da yawa sakamakon iri ɗaya ne: aiki ya ƙara zama maimaici, an rage bukatar gwaninta, an matse lokaci, ikon yanke shawara ya tashi daga hannun mai riƙe da inji ya koma ofis. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya ƙera harshen. Kwaikwayon da ake yi a kwamfuta yana amsa tambayar wanda ya biya kuɗinsa ne kawai. In mai masana'anta ne ya bayyana aikin, ma'aikaci zai shiga cikin bayanin a matsayin abu mai ɗaukar minti kaza yana gama kaza. Sanin da yake da shi na jin ƙarar inji ya gane ƙarfe zai tsage, ko ɗan taimakon da yake yi wa na kusa da shi don kada layi ya tsaya, babu wanda ya rubuta su, don haka a wurin na'ura babu su. Nygaard zuciyarsa tana tare da ma'aikata, sai ga kayan da ya ƙera ana amfani da shi a kansu. Janye harshen ba mai yiwuwa ba ne, bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1967 ya nufi ƙungiyoyin ƙwadago ya ba su shawarar su gina nasu sanin a kan kwamfuta.

Ya fara da koyarwa a azuzuwan sandika. Daga nan sandikar ma'aikatan ƙarfe ta Norwe ta nemi kuɗin bincike daga hukuma da sunanta, abin da ba a saba gani ba a lokacin, aka kuma ba ta. Aikin ya gudana daga 1971 zuwa 1973, Nygaard tare da Olav Terje Bergo, da rassan sandikar a masana'antu huɗu.

Tashin farko sun bi hanyar da kowane mai bincike ya sani: a yi hira da ma'aikata, a tattara bayanai, a rubuta rahoto, a miƙa wa shugabanni. Ba su yi nisa ba suka gane inda wannan hanya za ta ƙare. Rahotannin za su yi kyau, za a yaba, a jera su a kanta, ma'aikacin da ke gaban inji kuma ba abin da zai canza masa, domin sanin zai zauna a kan masu binciken ne, su kuma in aikin ya ƙare tafiya za su yi. Sai suka sake ma'anar abin da za a kira sakamako. Daga ranar, sakamakon aikin shi ne duk wani mataki da sandika ta ɗauka, a hedikwata ko a reshe, saboda wannan aiki. Takarda ba ta shiga lissafi sai in ta kai ga mataki.

Wannan ya juya komai. A kowace masana'anta ma'aikata suka kafa ƙananan rukunoni, suna zama suna bayyana aikinsu da bakinsu: wa ke ba wa umarni, daga ina takardar aiki ke fitowa, wane bayani na'ura ke tarawa a kan kowa, wa ke ganinsa, me tsarin da kamfani ke shirin kawowa zai ɗauke daga hannunsu. Masu binciken suka koma masu bayani da rubuta littafin koyo a harshen da maƙeri zai karanta ya gane, littafin da aka buga daga baya don sandikoki a kan tsare-tsare da sarrafa bayanai. A masana'antar makamai ta Kongsberg, ɗaya daga cikin huɗun, zancen ya kai ga tambayar da ta raba masana'antu a ƙasashe da yawa: in an kawo injin da kwamfuta ke tuƙawa, wa ke da ikon gyara umarnin da ke cikinsa, mutumin ofis ko wanda ke tsaye a gabansa? A Kongsberg masu riƙe da injinan sun sami horo da damar gyarawa. Masanin tarihi ɗan Amurka David Noble ya je ya gani da idonsa, ya kwatanta da masana'antun ƙasarsa inda aka hana ma'aikata taɓa wannan ɓangare.

Matakan sun zama doka da sauri fiye da yadda aka saba. A 1974 aka sa hannu kan yarjejeniyar farko game da kwamfuta a kamfanin Viking da ke Askim. A 1975 babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da ƙungiyar masu kamfanoni suka ƙulla ta ƙasa baki ɗaya. Ta ba ma'aikata haƙƙin a sanar da su tun da wuri kafin a kawo sabon tsari, a yi musu bayani a harshen da wanda ba gwani ba zai fahimta, su kuma zaɓi wakili na musamman daga cikinsu da zai riƙa bin zancen kwamfuta. Dokar yanayin aiki ta 1977 ta ƙara da cewa a ba su horon da suke bukata, a kuma sa su cikin tsara irin waɗannan na'urori. Sharaɗin nan na bayani a harshe mai sauƙi ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Ko a nan gida mun san yadda ake rufe bakin mutum a taro da manyan kalmomin Faransanci, ya fita bai ce komai ba, a rubuta cewa ya amince.

Maƙwabta suka ɗauka. Suwidin ta fara nata aikin mai suna DEMOS a 1975, Danmak ta bi da DUE a 1977. Nygaard ya koyar a jami'ar Aarhus ta Danmak a 1975 zuwa 1976, daga 1977 kuma a jami'ar Oslo, matasan da suka zauna gabansa su ne suka ja ragamar abin da ya biyo baya. Sun ga gazawar zagayen farko: ma'aikata sun koyi cewa a'a, sun koyi ciniki, amma na'urar da ake cinikin a kanta wani ne ya ƙera ta tun farko. Don haka a aikin UTOPIA, daga 1981, Pelle Ehn da Morten Kyng da Susanne Bødker da abokansu suka zauna da ma'aikatan ɗab'i, masu jera haruffa da hotuna a jaridu, waɗanda kwamfuta ke shirin cinye sana'arsu, don a tsara kayan aikin tare. Zane-zanen injiniyoyi ba su ce wa ma'aikatan komai ba, sai aka koma ga kwali da katako da takarda. A ɗora akwatin kwali a ce wannan ita ce na'urar buga takarda, a haska hoto a bango a ce wannan shi ne allon, mutum ya zauna ya yi aikinsa kamar gaske, ya nuna inda hannunsa ya cije. Kayan da aka ƙera daga wannan aiki bai yi kasuwa ba, amma dabarar gwaji da kwali da takarda kafin a rubuta manhaja ta zama abin yau da kullum a kamfanonin duniya. A Oslo kuma Gro Bjerknes da Tone Bratteteig suka yi aikin Florence da ma'aikatan jinya a asibiti, suka daɗe suna kallon yadda bayanin marar lafiya ke tafiya daga baki zuwa baki da ƴan takardun aljihu lokacin miƙa aiki, kafin su gina wani ɗan ƙaramin tsari da ke ba ma'aikatan hoton ɗakin gaba ɗaya.

Ana cikin haka Amurkawa suka iso wurin ta wata ƙofar. Kwamfutoci sun fara haɗuwa da juna a ofisoshi, ana son manhajar da rukuni zai yi aiki da ita, ba mutum ɗaya ba. A 1984 Irene Greif da Paul Cashman suka shirya wani taro suka raɗa wa fannin suna, aikin haɗin gwiwa da taimakon kwamfuta, wanda ake taƙaitawa CSCW. Babban taronsa na farko a Austin ta jihar Texas aka yi shi a 1986. Ba Nygaard ne ya kafa fannin ba, amma a taro na biyu, a Portland a 1988, almajiransa sun zo da abin da suka koyo a masana'antu da asibitoci. A wannan taron ne Jonathan Grudin ya gabatar da bayaninsa a kan dalilin faɗuwar irin waɗannan manhajoji, ya ba da misali da kalandar ofis mai shirya taro da kanta. Tana aiki ne kawai in kowa ya riƙa shigar da lokutansa, amma wanda ke morarta shi ne shugaba ko sakatarensa, masu wahalar shigarwa kuwa ba su ga ribar komai ba, sai su daina, tsarin ya mutu. Gayya ce da ake kiran mutane gonar mutum ɗaya kullum, ba a taɓa zuwa tasu ba. Ma'aikatan ƙarfe na Norwe sun san wannan tun shekara goma sha biyar kafin nan.

Gaskiya ita ce abin da ya ƙetare teku bai kai abin da aka bari a gida ba. A Norwe sa hannun ma'aikaci haƙƙi ne da sandika mai ƙarfi da doka suka tsaya masa. A wurare da yawa ya koma dabarar sayar da kaya: a tara masu amfani, a nuna musu allo, a tambaye su wane launi suka fi so, alhali an gama yanke abin da na'urar za ta ƙirga da wanda za ta kai wa rahoto. Nygaard bai ɗauki rikicin bukatu tsakanin mai kamfani da ma'aikaci a matsayin rashin fahimta da hira za ta gyara ba. Yana ganin kowane bayanin tsari daga wata kusurwa aka yi shi, kuma wajibi ne a faɗi kusurwar wa. A koyarwarsa ta ƙarshen rayuwa yakan kafa misali da gidan cin abinci cike da jama'a, inda mai dafuwa da mai kai abinci da mai karɓar kuɗi da baƙo suke wuri ɗaya amma kowa da abin da yake gani.

Bai bar ƙera harsuna ba duk tsawon wannan lokaci. Daga 1973 zuwa 1975 ya yi DELTA, harshe don bayyana tsari kawai, daga 1976 kuma BETA tare da abokan aiki uku. A 1987 ya yi zaman koyarwa a jami'ar Stanford da bincike a cibiyar Xerox da ke Palo Alto. A 1990 ƙungiyar masana kwamfuta masu kula da haƙƙin al'umma a Amurka ta ba shi lambar Norbert Wiener.

Talakan Norwe kuwa ba da kwamfuta ya san shi ba. Ya yi siyasa a jam'iyyar Venstre kafin ya koma ta Leba, kuma tun ƙuri'ar raba gardama ta 1972 yana cikin masu adawa da shigar ƙasarsa ƙungiyar Turai. Daga 1990 zuwa 1995 shi ne shugaban ƙungiyar masu cewa a'a ga Tarayyar Turai, wadda ta haɗa manoma da masunta da ƴan sandika da mutanen da ba sa ga maciji da juna a sauran al'amura, membobinta suka kai wajen 145,000. Gwamnati da manyan ƴan kasuwa da yawancin jaridu suna ɗaya ɓangaren. Ranar 28 ga Nuwamba 1994 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 52.2 cikin ɗari suka ce a'a. Har yau Norwe ba ta cikin Tarayyar.

Manyan lambobin yabo sun zo a makare. A shekara ta 2000 sarkin Norwe ya ba shi da Dahl lambar girma ta Saint Olav. Sai lambar John von Neumann, sai kuma lambar Turing ta shekarar 2001, mafi girma a fannin kwamfuta, wadda aka sanar a farkon 2002, duka su biyun tare, saboda Simula. Dahl, wanda ya daɗe yana jinya, ya rasu ranar 29 ga Yuni 2002. Nygaard ne zai gabatar da laccar karɓar lambar a wani taro a Seattle a watan Nuwamba. Bugun zuciya ya ɗauke shi a Oslo ranar 10 ga Agusta, mako shida bayan abokinsa, saura kwana 17 ya cika shekara 76.